Maganin Kansa da Fatar Mace: Jagora ga Marar Lafiya da Iyalinta

Mace ta dawo gida bayan an yi mata ƙarin ruwan maganin kansa karo na biyu. Ba a jima ba sai tafin hannunta ya soma duhu, farcenta ya yi layi-layi, fatarta ta bushe, gashin kanta kuma ya riƙa biyo mataji. Daga nan magana take tashi a gida. Wannan ya ce maganin ya fi ƙarfin jininta, waccan ta ce ciwon ne ya bazu, wani kuma ya ce da ma can ba ciwon asibiti ba ne. Ranar komawa ta zo ta wuce ba a kai ta ba. Bayan wata uku ko huɗu a sake ɗauko ta, alhali ciwon ya riga ya yi nisa, kuɗin da aka kashe da farko kuma sun tafi a banza.

Domin kauce wa irin wannan asara aka rubuta wannan takarda. Yawancin canje-canjen da maganin kansa ke kawowa a fata sanannu ne a wurin likitoci, ana sa ran zuwansu, kuma suna wucewa bayan an gama magani. Kaɗan daga cikinsu ne ke da haɗari, su kuwa ba sa jiran gobe. Iyalin da suka iya bambance waɗannan da waɗancan sun ɗauke wa 'yar'uwarsu rabin wahala.

Me ya haɗa maganin da fata?

Kansa, wadda ake kuma kira sankara ko ciwon daji, takan kama mace a bakin mahaifa, ko cikin mahaifar, ko ma'ajiyar ƙwan haihuwa. Akwai kuma wadda ke biyo bayan cikin da ya lalace. Ta bakin mahaifa ita ta fi yawa a yankinmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mata kusan 660,000 ne suka kamu da ita a duniya, kusan 350,000 kuma suka rasu, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin namu.

Maganin da ake sakawa ta jijiya domin yaƙar ciwon, a asibitocin Najeriya ana ce masa kemo, a Nijar da Kamaru da Chadi kuwa shimiyo. Aikinsa shi ne farautar ƙwayoyin halitta masu saurin hayayyafa, domin haka ƙwayoyin kansa suke. To amma a jikin mutum akwai wasu lafiyayyun ƙwayoyi da su ma ke hayayyafa da sauri: na fata, wadda ke sabunta kanta kusan kowane wata, da na saiwar gashi, da na tushen farce, da na cikin baki, da na ɓargo inda ake ƙera jini. Maganin yana bin jini zuwa ko'ina, saboda haka yakan taɓa su. Bambancin shi ne lafiyayyun ƙwayoyi suna farfaɗowa a tsakanin zagaye da zagaye. Wannan ne dalilin da ya sa ake ba da tazara.

Kowane magani da halinsa. Mai kansar bakin mahaifa sau da yawa ana ba ta sisfilatin sau ɗaya a mako, haɗe da gashin na'ura na kimanin mako 5. Mai kansar mahaifa ko ta ma'ajiyar ƙwai kuwa an fi haɗa mata kabofilatin da fakilitaksel, wanda ake kuma kira Taxol, duk bayan mako 3, galibi zagaye 6. Saboda haka mata biyu za su iya kwanciya a ɗaki ɗaya, gashin ɗaya ya zube ƙarƙaf, na ɗayar ya ɗan ragu kawai. Yawan illar da aka gani ko ƙarancinta ba ya nuna ko maganin yana aiki.

Baƙar fata ba ta nuna ja

Takardun da ke cikin kwalin magani sukan ce a lura idan fata ta yi ja. A jikin mai duhun fata jan ba kasafai yake fitowa ba. Wurin da ya kamu yakan ƙara duhu, ko ya yi launin toka, ko ya riƙa sheƙi. Don haka dubawa da ido kaɗai ba ta wadatarwa, sai an haɗa da hannu. A ɗora bayan hannu a wurin, sannan a ɗora a irinsa na ɗaya gefen jiki. Ya fi zafi? Ya kumbura? Ya yi tauri? Tana jin ciwo idan an taɓa? A riƙa wannan dubawa da rana, a cikin haske. Wuraren da ba ta iya gani da kanta, kamar baya da ƙarƙashin mama da matse-matsi da tafin ƙafa, sai 'yarta ko 'yar'uwarta ko wata da ta amince da ita ta duba mata.

Bushewa da ƙaiƙayi

Wannan ita ce illar da ta fi yawa, kuma hunturu yana ƙara mata ƙarfi. Fata takan yi furu-furu, ta yi ƙaiƙayi, diddige ya yi faso. Bushewar kanta ba abin tsoro ba ce. Abin gudu shi ne tsagewa, domin fatar da ta tsage ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta a lokacin da garkuwar jiki ta yi rauni.

A yi wanka da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ba mai zafi ba, da sabulu mai laushi marar ƙamshi irin na jarirai. Sabulun salo da sabulun wanki suna da kaifi ga irin wannan fata, haka ma soson raga da dutsen goge kaushi. Bayan wanka a daddanna tawul a jiki maimakon gogewa, a shafa mai tun fata tana da danshi. Man kaɗanya tsantsa ko basilin marar turare sun wadatar, kuma akwai su a kowace kasuwa. A shafa safe da dare, a ƙara a hannu da ƙafa bayan alwala da bayan wanke-wanke. A sha ruwa sosai, sai fa idan likita ya ƙayyade.

Idan ƙaiƙayi ya taso, a jiƙa ƙyalle mai tsabta da ruwan sanyi a ɗora a wurin. Susa tana jawo miki. Idan ƙaiƙayin ya hana barci, akwai maganin da likita zai bayar. Da bazara da damina kuwa matsalar takan koma ta gumi: ƙarƙashin mama da hammata da matse-matsi sukan jiƙe su saɓe. A riƙa busar da su da kyau, a sa tufafin auduga masu yalwa.

Wasu magunguna, irin su metotireksat da ake ba mai kansar da ke biyo bayan ciki, suna sa rana ta ƙona fata fiye da da, ko da mace baƙa ce. Mai zaman kasuwa ta nemi rumfa ko laima, ta rufe damtsenta da bayan hannunta, ta guji ranar tsaka. Idan da hali ta shafa man kariya daga rana mai lamba 30 ko fiye.

Duhun fata da canjin farce

Tafin hannu da na ƙafa, gaɓoɓin yatsu, fuska, har harshe da dasashi suna iya yin duhu. Wani lokaci baƙin layi yakan bi jijiyar da aka yi ƙarin ruwa ta cikinta. Akwai maganin da ake kira biliyomisin, wanda ake ba wasu 'yan mata da matasan mata masu wani nau'in kansar ma'ajiyar ƙwai. Shi yakan bar baƙaƙen shatika a baya ko kafaɗa ko cinya kamar an zane mutum da bulala, musamman a inda aka sosa. Wanda bai sani ba sai ya zargi duka, ko ya ce aikin iska ne ko sammu. Halin maganin ne kawai. Wannan duhu ba ya ciwo, kuma yakan dusashe a hankali cikin watanni bayan an gama magani, ko da yake wani yakan daɗe.

Farce yakan yi duhu, ya yi gautsi, ko ya fitar da layi a gicciye, sau da yawa layi ɗaya ga kowane zagayen magani. Wani kan ɗago daga naman yatsa. Farcen hannu yana tsawo da kimanin milimita 3 a wata, saboda haka sai an yi kusan wata 6 kafin sabo ya maye gurbin tsohon gaba ɗaya. Na ƙafa yakan kai shekara ko fiye. A riƙa rage shi da abin yankan farce na ƙashin kai, kada a yi amfani da reza, kada kuma a miƙa hannu ga masu yankan farce na yawo, domin kayan aikinsu sun ratsa hannuwa da yawa. Farcen da ya ɗago kada a ɓamɓare shi. Idan gefensa ya kumbura, ko yana wari, ko yana fitar da mugunya, a nuna wa ma'aikatan lafiya ba tare da jinkiri ba.

Zubar gashi

Ga mai karɓar Taxol, gashi yakan soma zuba mako 2 zuwa 3 bayan zagayen farko, wani lokaci fatar kai ta fara yin tsami kafin nan. Gira da gashin ido ma suna iya tafiya. A wurin mafi yawan mata gashin yana soma tsirowa 'yan makonni bayan zagayen ƙarshe, ya rufe kai cikin wata 3 zuwa 6, ko da yake yana iya fitowa da laushi ko kamanni dabam da na da.

Tun kafin a fara magani ya kyautu a tsefe kitso mai tsauri, a rage gashin da almakashi. A dakatar da man miƙar da gashi da rini da ƙarin gashi. Fatar kai tana bukatar mai da ɗankwali mai laushi na auduga, wanda ba a ɗaure tamau ba. Babu wani mai ko saiwa da ake sayarwa a kasuwa da zai hana wannan zubar, don haka kada a ɓarnatar da kuɗin da ake bukata domin mota da magani. Ya kamata kuma a sanar da yara da sauran mutanen gida tun da wuri, domin kada ranar da ɗankwalinta ya zame a yi mata kallon da zai karya mata zuciya.

Tafin hannu da tafin ƙafa

Wannan illa ta fi shafar mai neman abinci da hannunta, saboda haka a kula da ita sosai. An fi ganin ta da wani jan maganin ƙarin ruwa da ake kira Caelyx, wanda ake bayarwa duk bayan mako 4, sau da yawa ga wadda kansar ma'ajiyar ƙwai ta dawo mata. Wasu magungunan ma suna kawo ta. Takan bayyana bayan zagaye na biyu ko na uku. Da farko mace za ta ji tafin hannu da na ƙafa suna zafi-zafi, ko kamar ana tsira mata allura. Sai su kumbura, su yi duhu, su yi ciwo. Idan ba a tare ta ba, fatar takan yi bororo ta saɓe, har riƙe cokali ko taka ƙasa ya gagara.

Abubuwa uku ke rura ta: zafi, da guga, da dannewa. Daka da surfe da cuɗa wanki, da tsayuwa gaban kaskon ƙosai ko tandar waina, da doguwar tafiya a ƙasa, da taka rairayi mai zafi, da ɗaukar jarkar ruwa, duk suna cikinsu. Haka ma inda tufafi ke matse jiki: maɗaurin zani a ƙugu, da rigar mama, da inda majanyi ke bi idan an yi goyo. A kwanakin farko bayan kowane zagaye, a ɗauke mata waɗannan ayyuka. Ta riƙa tsoma hannu da ƙafa cikin ruwa mai sanyi na 'yan mintoci, ta shafa mai a hankali ba tare da murzawa ba, ta sa takalmi mai yalwa da taushi. Yankan attarugu da taɓa omo da hannu tsirara su ma a bar wa wani.

Babban maganin wannan illa yana hannun likita: yakan jinkirta zagaye na gaba da ɗan lokaci ko ya rage yawan maganin har fata ta warke. Wasu mata sukan ɓoye ciwon don tsoron kada a dakatar da su. Ɓoyewar ce take kai ga dakatarwa mai tsawo. A faɗa tun ana matakin zafi-zafi.

Taxol da sisfilatin kuma suna iya sa yatsu su yi dindiris, mace ta daina jin zafi ko tsini yadda ya kamata. Irin wannan mace za ta iya ƙonewa ko ta taka ƙaya ba ta sani ba. Wani ya riƙa gwada mata ruwan wanka, kada ta yi yawo ba takalmi, kuma a duba tafin ƙafarta kowane dare.

Ranar ƙarin ruwa: kawaici ba nasa wurin ba ne

An san mace da haƙuri da kunya, amma a kan gadon ƙarin ruwa yin shiru yana da tsada. Idan allura ta goce daga jijiya, maganin yakan tsiyaya cikin nama, wasu magungunan kuma suna cin nama har su bar gyambo mai wuyar warkewa. Da zarar ta ji zafi ko raɗaɗi ko kumburi a wurin allurar, ta yi magana nan take, ko mai zama da ita ta kira nas. Wani lokaci alamar ba ta fitowa sai bayan kwana biyu ko uku a gida. Kada a gasa wurin, kada a murza, kada a shafa komai. Wasu magungunan sanyi ake sa musu, wasu kuma ɗumi, wanda ya san maganin da aka saka ne kaɗai zai faɗi wanda ya dace.

Akwai kuma wadda jikinta kan ƙi maganin tun yana shiga. Da Taxol hakan ya fi faruwa a mintocin farko na zagaye na ɗaya ko na biyu: fuska ta ɗau zafi, borin jini ya fito, baya ya riƙe, ƙirji ya yi nauyi. Saboda haka ne ake ba da wasu magunguna kafin a saka shi, kuma idan an ba ta ƙwayoyin da za ta sha tun a gida, ta sha su daidai lokacin da aka faɗa. Kabofilatin kuwa nasa yakan zo a makare, bayan an karɓe shi sau da yawa lafiya ƙalau, sau da yawa yana farawa da ƙaiƙayin tafin hannu. Ma'aikata suna da abin da za su yi idan an sanar da su da wuri.

Idan an haɗa da gashin na'ura

Gashin na'ura yana taɓa fatar wurin da aka haska ne kawai: mara, da matse-matsi, da al'aura, da tsakanin ɗuwawu. Daga mako na 2 ko na 3 wurin yakan yi duhu, ya yi ƙaiƙayi, a wasu matan ya saɓe ya riƙa ruwa. Yakan ƙara tsananta har mako ɗaya ko biyu bayan an gama, sannan ya soma warkewa. Wanda bai san haka ba sai ya ɗauka an yi kuskure.

A wanke wurin a hankali da ruwa mai ɗumi-ɗumi, a busar ta hanyar dannawa. Kada a goge alamomin da ma'aikata suka zana a fata, domin da su ake saita na'ura. Kada a sa hoda ko turare, kada a yi aski ko tsuguno a kan turaren wuta, kada a zauna cikin ruwan zafi ko na bagaruwa ko na kanwa, kada kuma a yi matsi da kowane irin haɗi. Ko man kaɗanya ne, a tambayi masu gashin kafin a shafa a wannan wuri. A ba su labari idan fatar ta buɗe, akwai abin rufewa da man da suke bayarwa. Kada dai a yi fashin zuwa, domin ana son a kammala dukkan gashin kansar bakin mahaifa cikin kimanin mako 8, kuma kowane jinkiri yana rage amfaninsa.

Kayan kwalliya da maganin gida

Idan fata ta yi duhu, masu ba da shawara sukan kawo man bilicin ko ƙananan mayukan ƙuraje na kasuwa. Da yawansu suna ɗauke da sinadarai masu sirantar da fata, masu ɓoye cuta tana ci ta ƙarƙashi, masu kuma jinkirta warkewar miki. A ajiye su. Dilka da halawa su ma a jinkirta su sai bayan an gama magani fata ta dawo daidai. Baƙin lalle sau da yawa haɗe yake da sinadarin rinin gashi, wanda ke sa bororo ko ga mai lafiya. Jan lalle na ganye ya fi sauƙi, amma yana rufe launin tafi da farce, waɗanda ma'aikata ke dubawa, don haka a tambaye su tukuna, kuma kada a sa shi a fatar da ta tsage.

Ƙaho da tsaga da sakiya haɗari ne babba a wannan lokaci, domin jini ba ya saurin tsayawa, miki kuma yana saurin ruɓewa. Jiƙo da dauri da duk wani maganin sha na gargajiya, a faɗa wa likita kafin a sha, saboda ƙoda da hanta suna fama da nasu aikin. Addu'a kuwa ba ta cin karo da magani. A yawaita ta.

Alamomin da ba sa jiran gobe

Garkuwar jiki ta fi rauni tsakanin kwana 7 da 14 bayan kowane zagaye. A wannan tsakani ƙaramin ƙurji zai iya zama babbar cuta cikin sa'o'i. A tafi asibiti mafi kusa nan take, dare ne ko rana, idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

Zazzaɓin da ya kai digiri 38, ko rawar sanyi ko da babu ma'aunin zafi a gida.

Wani wuri a fata da ya yi zafi, ya kumbura, yana ciwo, yana faɗaɗa ko yana fitar da mugunya.

Kumburi ko bororo ko ciwo a inda aka sa allurar ƙarin ruwa.

Fata tana salewa kamar ƙunar ruwan zafi, musamman idan da gyambo a baki ko ido ko al'aura.

Ƙananan ɗigo-ɗigo ja ko baƙi da ba sa ɓacewa idan an danna, ko kwanciyar jini ba tare da buguwa ba, ko haɓo, ko jinin dasashi da ya ƙi tsayawa.

Kumburin fuska ko leɓe ko harshe, ko wahalar numfashi.

Ƙuraje masu ruwa da raɗaɗi da suka jeru a gefe ɗaya na jiki kamar ɗamara. Ƙwayar ƙarambau ce ta farka, maganinta kuma ya fi aiki idan an fara cikin kwana 3.

Ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko baki ya yi gyambo har ruwa ya gagara sha.

A yankinmu duk zazzaɓi akan ɗauke shi na cizon sauro, a sayi magani a kemis a jira. Ga mai karɓar kemo wannan jiran yana iya cin rai. Kada a ba ta farasitamol a zauna, domin yana sauke zafin jiki ya bar cutar tana aiki. A gaya wa ma'aikacin da aka tarar cewa tana kan maganin kansa da ranar da ta karɓi na ƙarshe, a roƙi a auna jininta, na cizon sauro da na yawan fararen ƙwayoyin jini gaba ɗaya.

Ga masu doguwar tafiya da masu ƙetare iyaka

Cibiyoyin maganin kansa ba su da yawa, kuma suna manyan birane ne irin su Yamai da Sakkwato da Zariya da Kano. Daga Maraɗi zuwa Yamai kaɗai ya haura kilomita 600. Illar magani kuwa a gida take tasowa, nesa da likitan da ya rubuta shi. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka kafin a baro asibiti a tabbatar da abu huɗu. Na ɗaya, a sa nas ta rubuta sunayen magungunan da ranar kowane zagaye a kati. Sunayen kusan iri ɗaya ne a Turanci da Faransanci, don haka ma'aikaci a kowane ɓangaren iyaka zai gane su. Na biyu, a karɓi lambar wayar da za a kira. Na uku, a sayi ma'aunin zafin jiki, a koyi karanta shi. Na huɗu, a san asibitin da ya fi kusa da gida inda ake auna jini. Ranar gaggawa can za a nufa, ba za a jira motar komawa birni ba.

A ɗauki hoton katin a waya, domin takarda tana ɓata. Idan wani abu ya fito a fata, hoton da aka ɗauka cikin hasken rana aka tura wa nas ta WhatsApp, da yardar marar lafiya, yana iya rage tafiyar da ba dole ba, ko ya gaggauta wadda ta zama dole. Iyaka ma takan rufe, kamar yadda ta faru tsakanin Najeriya da Nijar daga 2023 zuwa farkon 2024, saboda haka a tambayi likita tun yanzu inda za a ci gaba da magani idan hanya ta toshe. A cikin mota kuma ta sa kaya masu yalwa, ta guji gefen da rana ke duka, ta riƙa motsa ƙafafunta, ta sauka ta ɗan taka duk inda aka tsaya.

Ga maigida da dangi da abokan sana'a

Kansa ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, haka ma duhun fata da zubar gashi da saɓewar tafi. A ci abinci da ita a kwano ɗaya, ta rungumi 'ya'yanta da jikokinta. Gashin na'ura da ake yi daga waje ba ya barin komai a jikinta da zai cutar da wani. Ƙurajen nan masu jeruwa kamar ɗamara ne kaɗai ke bukatar a nisanta ta da jarirai da masu juna biyu har su bushe.

Maigida ya sani cewa kalma ɗaya daga bakinsa game da kamannin matarsa tana iya sa ta ci gaba da magani ko ta bari. Mata 'yan'uwa kuma su tuna cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Wata ta karɓi daka da wanki, wata ta tsare mata rumfa a makon da ta karɓi magani, 'yan adashi su duba ko za a ba ta kwasa a lokacin da kuɗin mota ya taso. Gashi zai tsiro, farce zai sake, fata za ta washe. Zagayen maganin da aka tsallake ne yake da wuyar ramawa.

A ajiye wannan takarda tare da katin asibiti, a karanta wa wadda ba ta iya karatu ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinyarsu da alheri.